Kafin Zuwan Ambulan: Yadda Sakkwato Ta Riƙa Zaɓen Wanda Za Ta Ba Aiki



Duk wanda ya taɓa wucewa ta ƙofar wata ma'aikata a Sakkwato ranar da ake intabiyu ya san yadda abin yake. Samari da 'yanmata a jere a inuwar dogonyaro, kowa rungume da ambulan ruwan ƙasa, ana ta bitar amsoshi kamar masu jiran jarrabawa. Ba za ka daɗe a tsaye ba za ka ji wani ya ce ai tun jiya aka raba guraben, wanda ke da uwa a gindin murhu ba ya cin tuwonsa gaya. Can ciki kuwa mutum huɗu ko biyar ne a bayan tebur, an ba su minti goma sha biyar su gano halin mutumin da ba su taɓa gani ba.

Mukan ɗauka wannan damuwa ta zamaninmu ce. Alhali garin da muke magana a kansa, wanda Muhammadu Bello ya kafa a 1809, ya tashi ne da wannan tambaya a bakinsa: wa ya kamata a ba aiki, kuma ta yaya za a gane shi? Waɗanda suka kafa daular sun yi rubutu a kanta, sun gwada amsarsu a aikace, sun dace a wasu wurare, magadansu kuma sun yi kuskuren da aka biya da jini. Abin da muke son dubawa ke nan a yau.

Sharaɗin farko

Cikin littafin Kitabul Farƙi, Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya jero aibobin da ya gani a mulkin sarakunan ƙasar Hausa na zamaninsa. Biyu daga ciki sun shafi batunmu kai tsaye. Na farko, sarauta ta zama abin gado da ƙarfi, ba a shawara. Na biyu, gaisuwa, wato abin da ake miƙa wa mai iko kafin buƙata ta biya. Da ya zo bayyana abin da ya kamata ya maye gurbinsu, sai ya kawo ginshiƙai biyar, kuma wanda ya fara sa wa a gaba shi ne kada a ba da muƙami ga wanda ya nemi a ba shi. Shawara ta biyo baya, sannan barin tsanani, da adalci, da kyautatawa.

Wannan sharaɗi ba ƙirƙirar Shehu ba ne. Tushensa hadisai ne sanannu: wanda Manzon Allah (SAW) ya hana Abdurrahman ɗan Samura neman shugabanci, da wanda ya ƙi naɗa wasu mutum biyu da suka zo tare da Abu Musa Al'ash'ari suna roƙon a ba su aiki. Hikimar a fili take. Mutumin da ke rawar jiki a kan kujera, yawanci abin da ke cikin kujerar yake hange, nauyinta bai dame shi ba.

A wannan littafi dai Shehu ya ambaci muƙamai huɗu da mulki ke tsayuwa a kansu, kowanne da siffar da ake nema ga mai riƙe shi: waziri amintacce da zai iya tunatar da shugaba idan ya sake, alƙali da tsoron zargin mutane ba ya karkatar da shi, shugaban masu tsaro da zai karɓar wa mai rauni haƙƙinsa, da mai tara haraji da ba ya zaluntar talakawa. Mu lura da tsarin. An fara bayyana aikin da irin halin da yake buƙata, kafin a zo maganar wane ne zai hau. Shi ma Bello, da ya rubuta wa Sarkin Katsina Umaru Dallaji littafin Usulus Siyasa, ya sa nisantar kwaɗayin mulki cikin abubuwan da ya fara gargaɗinsa da su.

Intabiyun shekaru

To idan ba a ba wanda ya nema, ta yaya ake samun wanda za a ba? Amsar tana makaranta. Shehu ya yi kusan shekara talatin yana wa'azi da karantarwa kafin hijirarsa daga Degel zuwa Gudu a 1804. Almajirai sun zo masa daga nesa, wasu sun shekara da shekaru tare da shi. Ya ga yadda suke karatu, ya ga yadda suke idan yunwa ta kama, ya san wanda ake aika ya dawo da saƙo daidai. Lokacin da aka zo rabon tutoci, mutane da yawa cikin waɗanda suka karɓa sanannu ne a wurinsa ko a wurin makusantansa.

Misalin da ya fi fitowa fili shi ne Yakubun Bauchi. Mafi yawan masu tuta Fulani ne, shi kuwa Bagere ne. A yankinsa akwai Fulanin da suke ganin su suka fi dacewa. Amma ya yi almajirci a gaban Shehu, an san shi ciki da bai, kuma shi aka ba. Ya kafa garin Bauchi, ya riƙe ƙasar har rasuwarsa a 1845, kuma ya kasance cikin waɗanda Sakkwato ta fi dogara da su a lokacin Bello.

Haka labarin Modibbo Adama. A ƙasar Fombina akwai arɗaɓe masu dukiya da mabiya, shi kuwa abin da ya fi su da shi karatu ne. Wajen 1809 tuta ta zo hannunsa, kuma har yau ƙasar da sunansa ake kiranta.

Shi ma Gidado ɗan Laima, mijin Nana Asma'u, kafin ya zama wazirin Bello a 1817 ya daɗe yana tare da shi, ana aikensa, ana ganin yadda yake dawowa. A gidansa aka sauki Baturen nan Kilafaton lokacin da ya zo Sakkwato a 1824. Ƙaramin aiki aka fara ba shi, da ya riƙe aka ƙara masa. Sai an gwada akan san na ƙwarai.

Amma Kano ta koyar da wani darasin daban. A can an ɗora Malam Sulaimanu, mutumin da aka sani da ilmi da tsoron Allah, wanda ba shi da tarin dangi da mayaƙa irin na sauran shugabannin jihadin Kano. Manyan da suka yi yaƙin ba su cika ba shi haɗin kai ba, kuma mulkinsa bai zo masa da sauƙi ba. Da ya rasu a 1819, Bello ya naɗa Ibrahim Dabo na Sulluɓawa, malami ne shi ma, amma yana da jama'a a bayansa. Ya sha fama da tawaye a shekarunsa na farko, ya kwantar da shi, kuma zuriyarsa ce ke sarautar Kano har yanzu. Wannan na tuna mana nasihar da aka yi wa Abu Zarri, sahabi mai tsananin gudun duniya, lokacin da ya nemi a ba shi aiki aka nuna masa cewa nauyin ya fi ƙarfinsa. Kirki sharaɗi ne, amma kowane aiki yana da irin ƙarfin da yake buƙata a kan kirkin.

Inda aka fara samun ɓaraka

Kada mu yi wa kanmu daɗin baki. Tun Shehu na raye abin ya fara karkacewa, kuma wanda ya fara faɗa ƙanensa ne. Wajen 1807 Malam Abdullahi ya bar rundunar jihadi ya nufi gabas da niyyar Makka, saboda ya ga mutane sun fara mayar da hankali ga muƙami da dukiya. Mutanen Kano suka tsayar da shi, a can ya rubuta musu Liya'ul Hukkami a kan yadda ake tafiyar da mulki da shari'a, daga baya ya koma gida.

Sai kuma batun wanda aka tsallake. Abdussalami, Ba'are ne, yana cikin manyan almajiran Shehu, kuma harin da Gobirawa suka kai wa jama'arsa a Gimbana na cikin abubuwan da suka kunna wutar jihadin. Bayan nasara sai ya ga rabon da ya samu bai kai wahalar da ya sha ba. Yana zaune a Kware, kusa da Sakkwato, ƙorafi ya yi ta girma har ya zama tawaye bayan rasuwar Shehu a 1817, aka murƙushe shi a farkon 1818. Mafi yawan abin da muka sani game da rikicin daga alƙalamin Bello ya fito, cikin Sardul Kalami, wato daga ɓangaren wanda ya yi nasara. Marubuci ya riƙe wannan a ransa duk lokacin da yake karanta irin waɗannan takardu. Ko ma wa ke da gaskiya, abu ɗaya ya tabbata: naɗi ba ya ƙarewa a kan wanda aka ba, akwai wanda aka hana, kuma shi ma yana buƙatar a san yadda za a yi da shi.

Sannu a hankali gadon da Shehu ya soka ya dawo ta bayan gida. Masarautu suka zama na gidaje. Wazirci ya tsaya a gidan Gidado, daga ɗansa Abdulƙadir har zuwa kan Waziri Junaidu, wanda ya riƙe muƙamin daga 1948 zuwa rasuwarsa a 1997. A yi adalci, gidan Gidadawa gidan karatu ne, yaro na tashi cikin littattafai da wasiƙu, yana koyon aikin tun kafin ya san zai yi shi, kuma gidan ya fitar da malamai na gaske. Sai dai ƙofar da Yakubu ya shiga ta ƙara ƙunci ga wanda ba ɗan gida ba.

Duk da haka an bar wasu matakai na tsaro. Idan sarki ya rasu a wata masarauta, manyan garin su kan tura sunaye, Sakkwato ta zaɓa, a aiko da takardar naɗi. Waziri shi ne ƙofar Kano da Zazzau da wasu masarautun gabas, yana zagayawa, yana sauraron ƙorafi. Wanda ya kauce ana iya tuɓe shi, kuma an tuɓe sarakunan Zazzau fiye da ɗaya a ƙarni na 19. Tsarin yana aiki muddin mai naɗin yana sauraron wanda ya aika ya gano masa.

Kano, 1893

Ranar da aka ƙi sauraro ita ce ta fi kowace tsada. A ƙarshen 1893 Sarkin Kano Muhammadu Bello ya rasu. A shekarun mulkinsa ya yi ta raba 'ya'yan yayansa, Sarki Abdullahi Maje Karofi, da muƙamansu yana ɗora nasa. Gidan Abdullahi kuwa gida ne mai yawa, kuma zukatan mutanen gari da dama suna wajen ɗansa Yusufu. Ɗan takara na biyu shi ne Galadima Tukur, ɗan sarkin da ya rasu.

Sarkin Musulmi a lokacin shi ne Abdurrahman, wanda ake wa laƙabi da Ɗanyen Kasko. A yaƙin Argungu na 1892, inda rundunar Sakkwato ta sha kashi a hannun Kabawa, Tukur ya nuna jarunta a gaban idonsa, kuma abin ya zauna masa a rai. Waziri Buhari yana Kano lokacin rasuwar, ya ga yadda garin yake, ya kuma nuna cewa naɗa Tukur zai jawo fitina. Umarni ya zo daga Sakkwato cewa Tukur za a naɗa. Waziri ya bi umarni.

Yusufu da 'yan'uwansa suka fice daga birni suka yi sansani a Takai. Aka shiga yaƙin da ake kira Basasa. Yusufu ya rasu ana cikin yaƙin, ƙanensa Aliyu Babba ya karɓi jagoranci, ya ci birnin Kano a 1894. Tukur ya gudu ƙasar Katsina, aka kashe shi a Tafashiya a 1895. An ƙone garuruwa, an kashe mutane, an kama 'ya'ya an sayar. A ƙarshe dole Sakkwato ta amince da Aliyu, wato gidan da ta ƙi tun farko. Duk wannan ya faru ne a daidai lokacin da Rabeh ya ci Kukawa a gabas, kuma saura shekara takwas Turawa su iso ƙofar Kano.

Tukur jarumi ne, ba a musun wannan. Amma jarunta a fagen fama a Argungu ba ita ce abin da kujerar Kano take buƙata a wannan shekara ba. Abin da take buƙata shi ne wanda zai iya haɗa gidaje biyu da suka daɗe suna hararar juna. Mai naɗi ya biya bashin da ke ransa da muƙamin jama'a, ya kuma ture shawarar mutumin da ke tsaye a wurin. Duk mai shago da ya taɓa ɗora ɗan amininsa a kan kanta saboda kunya, ko shugabar makarantar da ta ɗauki malama don uwarta ta taɓa yi mata alheri, ƙaramin irin wannan kuskuren suka yi.

Zuwan takarda

A watan Maris na 1903 Turawan Ingila suka ci Sakkwato. Mulkin En'e ya zo da sababbin ayyuka: malaman baitulmali, malaman haraji, malaman asibiti da na gona da na makaranta. Waɗannan suna buƙatar boko da lissafi, kuma makarantar Midil ta Sakkwato da Kwalejin Katsina, wadda aka buɗe a hukumance a 1922, su suka riƙa samar da su. Daga nan takardar shaida ta fara tsayawa a matsayin da sanin malami ga almajirinsa yake tsayawa a da.

Rayuwar Ahmadu Bello ta ratsa tsarin biyu. Ya gama Kwalejin Katsina a 1931, ya koyar a Midil ta Sakkwato, ya zama hakimin Rabah a 1934. A 1938 sunansa na cikin waɗanda aka duba don sarautar Sarkin Musulmi, aka ba Abubakar na Uku, wanda ya yi shekara hamsin a kan gado. Shi kuma aka ba shi Sardauna aka tura shi Gusau. Zaman bai rasa tsami ba, har ta kai su ga shari'a, amma bai bi hanyar Kware ko ta Takai ba. Ya ci gaba da aiki, kuma a 1954 ya zama Firimiyan Jihar Arewa.

Gwamnatinsa ce ta dage a kan manufar mayar da aikin gwamnati hannun 'yan Arewa: idan akwai ɗan Arewa da ya cancanta shi za a fara ba, idan babu a ɗauki wani a kan kwantiragi kafin a horar da na gida. Aka kafa hukumar ɗaukar ma'aikata, aka riƙa horar da jami'an mulki a Zariya. Tun daga lokacin neman aiki ya zama sai da cike fom da zama gaban kwamiti. Daga baya tsarin mulkin 1979 ya kawo ƙa'idar raba guraben tarayya tsakanin jihohi. Ambulan ɗin da muka gani a inuwar dogonyaro jikan wannan zamani ne.

To mai nema fa?

A nan wani zai tambaya: idan magabata sun ce kada a ba wanda ya nema, mu da ba a ba mu sai mun nema, ina matsayinmu? Malamai sun daɗe da bambance neman mulki a kan mutane da neman aikin da za a biya ka ladan guminka. Kuma ko a muƙami, suna kafa hujja da Annabi Yusufu (AS), wanda ya gabatar da kansa don kula da taskokin Masar, ya ambaci abu biyu da aikin ke buƙata, tsarewa da sani, ya tsaya a nan. Wannan ya ishi mai shiga intabiyu tsari. Ka san abin da aikin yake so, ka faɗi abin da ka iya daga ciki da misalin inda ka taɓa yin sa, abin da ba ka iya ba ka ce ba ka iya ba amma za ka koya. Wanda ya cika baki a gaban kwamiti, watansa na farko a ofis zai tona shi.

Ka kuma sani intabiyunka ya fara tun kafin ranar. Malamin da ya duba kundin digirinka, maigidan da ka yi wa yaron shago a Tsohuwar Kasuwa, shugaban wurin da ka yi bautar ƙasa, su ne Degel ɗinka, kuma mai ɗaukar aiki mai hankali su zai tambaya. Idan kuwa aka ce ka kawo kuɗi a ba ka gurbi, gaisuwar nan ce da aka soka shekara ɗari biyu da suka wuce ta canza riga. Sau da yawa ma gurbin babu shi, kuɗin ne kawai ake so.

Nauyi mafi girma dai yana kan mai ɗauka, kuma a kansa magabatan Sakkwato suka fi yin rubutu. Labarin Annabi Musa (AS) a Madyana ya nuna tsarin tun daga farko har ƙarshe: an ga aikinsa a bakin rijiya kafin a kira shi, wadda ta gani ta ba da shaida a kan ƙarfinsa da amanarsa, sannan aka faɗa masa sharaɗi a fili, shekara takwas, idan ya cika goma ganin damarsa ne. Mai ɗaukar aiki a yau ba shi da shekara talatin irin na Shehu, amma yana iya rubuta abin da aikin ke buƙata kafin ya ga fuskar kowa. Yana iya ba mai neman aikin koyarwa alli ya shiga aji, ya ba mai neman aikin akawu littafin ciniki ya daidaita. Yana iya kiran waɗanda suka zauna da mutum ya tambaye su, ya sa wa'adin gwaji, ya faɗi albashi tun ranar farko. Idan wanda ya wakilta ya dawo ya ce akwai matsala, ya tuna da Waziri Buhari. Wanda bai samu ba kuma a sanar da shi cikin mutunci, kada a bar shi yana zarya wata shida.

Mu da muke koyon rubutu, akwai abin ɗauka a nan bayan darasin. Muna yawan kukan rashin jigo, ga shi kuwa a zube. Waziri a Kano da takardar umarni a hannu, ya san abin da zai biyo baya idan ya karanta ta, ya kuma san ba shi da ikon ƙin karantawa. Abdussalami a Kware yana hangen garin da ya taimaka aka kafa. Yakubu ranar da ya koma gida da tuta, ya tarar da waɗanda ba su yi zaton shi za a ba ba. Wanda zai taɓa ɗaya daga cikinsu ya fara da karatu, ya nemi littafin Murray Last a kan daular Sakkwato da rubuce-rubucen Waziri Junaidu, ya tambayi dattawa, ya kuma rarrabe wa mai karatu abin da ya tabbata da abin da shi ya ƙaga.

Allah Ya ba masu nema aiki mai albarka, Ya ba masu ɗauka ikon riƙe amana. Sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu.